Wa Zai Biya Kuɗin Shekara ta Biyu?



Akwai wata takarda da kan yi yawo a unguwanninmu kowace shekara, daga Nima da Mamobi da Fadama a Ankara, zuwa Aboabo da Asawase a Kumasi, har Tamale da Yendi da Salaga. Ita ce takardar da jami'a ko kwaleji ke aiko wa yaro cewa an ba shi gurbin karatu. Ranar da ta iso, gida kan cika da guɗa da addu'a. Kwana biyu bayan nan sai a ninke ta a sa cikin ambulan, ta fara zagaye: a kai ta shagon Alhaji wane, a miƙa wa liman ya yi sanarwa bayan Magariba, a ɗauki hotonta a tura wa 'yan unguwa mazauna Jamus da Amurka ta WhatsApp, a ƙarshe a yi sammako da ita ƙofar gidan ɗan majalisa. Sau da yawa akan dace. Mutanenmu ba marowata ba ne, kuma kunyar a ce yaron unguwa ya samu Legon ko KNUST ya kasa tafiya saboda kuɗi takan motsa hannun da ba a zata ba. A haɗa abin da ya sawwaƙa, a sayi akwati, a raka shi tasha.

Tambayar da muke so mu ajiye a gaban mai karatu ita ce: wa ke zagayawa domin wannan yaron a shekara ta biyu? A lokacin babu sabuwar takarda mai tambari da za a nuna, babu guɗa, babu labarin da zai sa mutane su sa hannu aljihu. Abin da ke akwai kawai shi ne sanarwar makaranta cewa za a rufe rajista ran kaza, wanda bai biya ba kuma ba zai zauna jarrabawa ba. Yaron da ya roƙi unguwa bara yana jin nauyin ya sake roƙo, wanda ya bayar bara kuma yana ganin ya sauke nasa. A wannan tsakanin ne 'ya'yanmu ke sulalewa ba tare da kowa ya ji ƙara ba. Za a ce wane ya ɗage karatu na shekara ɗaya, ya karɓi babur ko keke mai ƙafa uku yana haya kafin a samu. Wance kuma ta dawo tana taya uwarta sayar da wake da shinkafa, kafin a samu. Shekara ta zagayo, ba a samu ba, sai maganar ta bi ruwa.

Kafin mu zo kan abin da ya rataya a wuyanmu, adalci ne a faɗi abin da hukuma ta yi, domin da yawa daga cikin iyaye har yau da lissafin shekaru ashirin da suka wuce suke aiki. A zamanin Nkrumah da 'yan shekarun bayansa, wanda ya samu shiga jami'a gwamnati ce ke ɗaukar nauyinsa, har wurin kwana da abinci. Da ɗalibai suka yawaita, aljihun gwamnati kuma ya yi rauni, sai aka zauna a Akosombo a 1997 aka amince a raba nauyin, daga 1998 aka fara karɓar kuɗin amfani da kayan karatu da na ɗakunan kwana daga hannun ɗalibai. Tun daga nan kowace gwamnati ke ƙoƙarin toshe wata kafa. A 2000 aka kafa GETFund, wanda aka ware wa wani kaso na harajin VAT. A 2005 aka kafa asusun rancen ɗalibai, wato SLTF, ya karɓi aikin daga hannun SSNIT. A 2017 gwamnatin Akufo-Addo ta mayar da babbar sakandare kyauta, ta kuma maido da alawus ɗin ɗaliban kwalejojin malanta da na jinya. A 2025 gwamnatin Mahama ta ware sidi miliyan 499.8 a kasafin kuɗi domin ɗauke wa 'yan shekarar farko kuɗin karatu a manyan makarantun gwamnati, shirin da aka raɗa wa suna No Fees Stress. Ko wace jam'iyya mutum yake yi, ba zai ce waɗannan ba su sauƙaƙa wa talaka ba, kuma 'yan Zango na cikin waɗanda suka fi cin moriyarsu.

Sai dai a dubi inda taimakon ya taru: kusan duka a bakin ƙofa yake. Sakandare kyauta ta kawo ɗimbin yaran da a dā za su tsaya a ƙaramar sakandare har zuwa jarrabawar WASSCE, shekarar farko kyauta kuma ta tsallakar da su dokin ƙofar jami'a. To amma digiri shekara huɗu ne, babbar difloma uku, likitanci shida. Ko a shekarar farkon ma, kuɗin karatu aka ɗauke. Ɗaki da abinci da kuɗin mota da kwamfuta da data suna nan a kan mai su. Duk wanda ya taɓa nema wa ɗansa gado a kewayen Legon ko a Ayeduase ya san cewa kuɗin kwana a gidajen ɗalibai na 'yan kasuwa yakan zarce kuɗin karatun kansa, kuma ɗakunan makaranta masu sauƙi ba sa isar kowa. A karon farko na shirin, mayar wa ɗalibai aka yi da abin da suka riga suka biya, ma'ana sai ka samo kuɗin tukuna. Wanda ya shiga makaranta mai zaman kanta, kamar Kwalejin Jami'ar Musulunci da ke Ankara, ba ya cikin lissafin. Alawus ɗin malanta da jinya kuwa, kowa ya san yadda yakan yi watanni a hanya.

Akwai ma wani rami tun kafin ƙofar. Fom ɗin kowace makaranta saye ake yi, mai hankali kuma ba ya sayen ɗaya tak. Yaron da ya ci komai da kyau amma ya samu D7 a lissafi ko Turanci, jami'a ba za ta dube shi ba sai ya gyara, gyaran kuwa yana nufin kuɗin darasi na watanni da kuɗin sake zama jarrabawa, kuma babu shirin gwamnati da ke biyan wannan. Ba a zagayawa da takardar wanda ya faɗi darasi ɗaya, alhali ɗan abin da zai tayar da shi bai kai kuɗin ankon biki biyu ba.

Za a ce ai ga rance. Gaskiya ne, kuma an gyara shi gyara mai muhimmanci. A dā ɗalibi ba ya samun rancen sai wani ya tsaya masa, galibi ma'aikaci mai biyan kuɗin SSNIT. Wannan sharaɗi kamar an auna mu aka yanka shi: iyayenmu mahauta ne, direbobi, dillalan shanu, masu gadi, masu koko da ƙosai, mutanen da suka yi shekara arba'in suna aiki ba tare da sunansu ya taɓa hawa takardar albashi ba. Tun 2022 aka soke neman mai tsayawa, katin ɗan ƙasa ya wadatar. Ya kamata a riƙa faɗin wannan a masallatai, domin har gobe akwai gidajen da ba su ji ba.

Amma rancen yana da ƙaya biyu a gare mu. Ta farko kuɗin ruwa. Akwai iyayen da za su gwammace ɗansu ya zauna a gida da ya sa hannu a takardar bashi mai ruwa, akwai kuma ɗaliban da suka karɓa zuciyarsu ba ta kwanta ba. Ba aikin wannan rubutu ba ne ya yi fatawa, malamai suna nan, kuma su ma ba bakinsu ɗaya ba a kan inda larura ta fara da inda ta ƙare. Abin da muke cewa shi ne, wanda ya hana yaro shan ruwan wata rijiya, wajibinsa ne ya nuna masa wata. Wa'azin haramcin riba da ba a biyo shi da asusun rance marar ruwa ba, ƙarshensa yaro a kan babur. Kuma ba laifi ba ne 'yan majalisarmu da ƙungiyoyin ɗalibanmu su nemi hukuma ta buɗe wata taga marar ruwa a cikin asusun na ƙasa. Ba a sama aka ga irin wannan ba: asusun rancen ɗalibai da Najeriya ta buɗe a 2024, NELFUND, ba ya ɗora ruwa, kuma ba don Musulmi kaɗai aka yi shi ba.

Ƙaya ta biyu ita ce katin kansa. Ga mutumin da sunansa Kwame ko Kofi, karɓar katin ɗan ƙasa layi ne kawai da haƙuri. Ga mai suna Garba ko Ɗanladi ko Balaraba, sau da yawa akan ƙara da tambayar ina ne garinku na asali, ko da kuwa kakan kakansa yana cikin sojojin Hausa da suka zo gaɓar teku a shekarun 1870, ko cikin fataken da suka zauna a Salaga tun kafin Bature ya san hanyarta. Dattawanmu ba su manta da Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasar, zanguna suka yi shiru dare ɗaya. Wasu gidaje tun daga ranar suka ɗauki ɗabi'ar nesanta kansu da duk wani ofishin da ake tambayar takarda. Yau wannan nesantar tana da farashi: babu takardar haihuwa, babu kati, babu kati, babu rance, babu tallafi, wani lokaci ma a yi wa yaro kallon ɗalibin ƙetare, waɗanda da dala ake yi musu lissafi. Don haka taimakon farko da sarkin Zango da limami da ƙungiyar matasa za su yi wa karatun yaro ba ya cin kuɗi mai yawa. Shi ne a tabbata an yi masa rajistar haihuwa tun yana goye, kuma duk ɗan aji ukun sakandare a unguwa yana da katinsa a hannu kafin ya zauna jarrabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sauran ƙofofin tallafi kowa ya san halinsu. Akwai ofishin ba da tallafin karatu na gwamnati, akwai ɗan abin da majalisun gundumomi da 'yan majalisa ke warewa domin ɗalibai masu hazaƙa marasa galihu. Binciken da 'yan jaridar The Fourth Estate suka wallafa a 2024 ya nuna yadda wani ɓangare na tallafin gwamnati ya tafi ga 'ya'yan manya da makusantan 'yan siyasa. An kafa Asusun Raya Zanguna da dokar da majalisa ta zartar a 2017, har aka yi wa zanguna ma'aikata tasu, wadda aka rushe a 2021. Duk wanda ya samu wani abu ta waɗannan hanyoyi ya karɓa, haƙƙinsa ne, harajin iyayensa ne. Amma abin da ke zuwa da zaɓe yana iya tafiya da zaɓe, kuma ba a gina karatun shekara huɗu a kan alherin mutumin da shi kansa bai san ko zai koma kujerarsa ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Akwai kuma wani rukuni na masu neman ilimi da ko a zagayen takarda ba a sa su. Idan aka ce ɗalibi a Zango, wanda ke zuwa zuciya shi ne mai karanta shari'a ko likitanci. Yaron da ya shiga jami'ar fasaha, irin waɗanda aka ɗaga daga matsayin kwalejin kimiyya da fasaha tun daga 2016, yana koyon aikin wutar lantarki ko gini ko injiniyan mota, ana yi masa kallon wanda bai samu na gaske ba. Wanda ke koyon gyaran mota a Suame Magazine ko Kokompe, da yarinyar da ke koyon ɗinki a hannun uwar ɗakinta, su kam ba a ma kiransu ɗalibai. Alhali su ma kuɗi suke biya: kuɗin shiga hannun maigida, kuɗin kayan aiki, kuɗin jarrabawa ga mai son takardar shaida, kuɗin yaye ranar da zai sami 'yancinsa. Kuma su ne suka fi saurin tsayawa da ƙafarsu. Yarinyar da aka saya wa keken ɗinki bana, baɗi war haka tana iya fara mayar da abin da aka ranta mata, tun ɗan jami'a bai gama aji biyu ba. Duk asusun da muka kafa ya ware waɗannan, ya ware rabin unguwa ke nan, ya kuma ware waɗanda za su fi saurin cika masa tulu.

To wane irin asusu muke nufi? Ba baƙon abu ba ne a wurin jikokin fatake. Ayarin da ke tasowa daga Kano zuwa Gwanja neman goro watanni yake yi a hanya, kuma babu madugun da ke yin guzurin zangon farko kaɗai ya ce sauran Allah ya kawo. Ana lissafin kowane zango tun daga gida. Fataucin nan kuma a kan bashi da amana ya tsaya: mai dukiya ya ba falke kaya ya tafi da su, ba zai sake ganinsa ba sai wata shekarar, a can kuma maigida ya sauke shi, ya ciyar da shi, ya tsaya masa a kasuwa. Unguwannin da muke zaune a ciki daga wannan tsarin suka samo sunansu, kuma da kalmar nan ce muke kiran kashin shekarar makaranta, zangon karatu. Su ma malamanmu a kan wannan turba suka yi aiki. Ɗaliban da suka riƙa zuwa ɗaukar karatu wurin Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, ba hukuma ce ta ciyar da su ba, gidajen gari ne. Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kafa makaranta da masauki a Alƙahira domin mutanensu masu zuwa karatu da masu wucewa aikin hajji. Sun gane cewa mai neman ilimi a baƙon gari, kafin littafi, wurin kwana yake bukata.

A zamaninmu ma akwai misali a kusa. Tun 1983 Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda yake ɗaukar nauyin ɗalibai daga al'ummomin Musulmi na ƙasashen da ba mambobinsa ba, a fannoni irin su likitanci da injiniya da noma. Ba kyauta yake bayarwa ba, rance ne marar ruwa, kuma idan ɗalibi ya gama ya fara aiki, ba bankin yake mayar wa ba, wani asusun amana na ƙasarsa yake biya, domin a ɗauki nauyin na bayansa. A gida kuma muna da asusun ilimi na Babban Limamin Ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, wato SONSETFUND, da Asusun Zakka da Sadaka da 'yan majalisa Musulmi suka assasa. Suna ƙoƙari, Allah ya saka musu. Amma asusu ɗaya ko biyu a babban birni ba zai san yarinyar da ke shekara ta biyu a kwalejin jinya daga Zangon Wenchi ko Techiman ba. Wanda ya san ta shi ne maƙwabcin uwarta.

Don haka abin da muke kira a yi ƙarami ne, na unguwa, mai gundura, marar biki. Mu ɗauka gidaje ɗari biyu a Zango guda sun amince kowane wata su tura sidi ashirin ta waya zuwa asusu ɗaya. Sidi dubu huɗu ke nan a wata, dubu arba'in da takwas a shekara, ba a sa gudummawar attajirai da ta 'yan ƙetare ba. Wannan ba zai kai kowa Ingila ba, amma zai riƙe ɗalibai da dama a aji biyu da aji uku, ya gyara wa wasu D7, ya sayi keken ɗinki da akwatin sifana. Ba mu ce a koya wa kowa tara kuɗi ba. Matanmu sun fi ƙarni suna adashi ba tare da akawu ba, kuma in za a faɗi gaskiya, yawancin digirorin da ke rataye a bangon ɗakunan Zango daga tukunyar koko da ta tuwo suka fito. Abin da ya rage shi ne a ɗauki wannan ƙwarewar a ba ta littafi da rasit da tsawon rai.

Mun san abin da mai karatu zai ce, domin an sha faɗa: an taɓa yi, kuɗin ya narke. Babu Zangon da ba shi da labarin wata ƙungiya da ta fara da kiɗa ta ƙare da gaba. Amma in aka bi diddigi, yawanci ba sata ce ta kashe su ba, kunya ce. An ba mutum ɗaya mai daraja ajiya, ba wanda ya iya tambayarsa lissafi saboda girmansa, shi kuma ya ranta wa wani mai daraja wanda ba ya iya tambaya, har magana ta ruɓe a ciki. Maganin wannan shi ne a cire kuɗin daga aljihun mutum tun ranar farko. A yi wa asusun rajista, a buɗe masa ajiya a banki da sa hannun mutum uku, cikinsu har da mace. Kada a danƙa wa ɗalibi ko ubansa kuɗin makaranta a hannu, a biya makarantar kai tsaye a karɓo rasit. Duk wata uku a manna lissafin shiga da fita a bangon masallaci, a karanta shi da Hausa domin tsohuwar da ba ta karatun boko ta ji inda sidinta ashirin ya tafi. Sarki da liman su zama iyayen asusu masu sa albarka da sasanta rigima, amma kada a ɗora musu riƙon littafi. Ba rashin yarda ba ne, kare mutuncinsu ne. Sharaɗin zaɓen ɗalibi kuma a rubuta shi kafin a ga sunan kowa, domin ranar da ɗan shugaban kwamiti ya nema, takarda ce za ta yi magana.

Wata tambayar ita ce ko za a biya. Wasu ba za su biya ba, wannan tabbas ne, wasu don rashin aiki bayan hidimar ƙasa, wasu don hali. Amma bashin unguwa ba kamar bashin hukuma ba ne. Wanda ya ci na hukuma yana iya ɓacewa cikin birni. Wanda ya ci na unguwa, a nan zai zo neman aure, a nan za a raɗa wa ɗansa suna, a nan za a yi wa mahaifinsa salla. Abin da ya fi rashin biya haɗari shi ne faɗuwar darajar sidi. A ƙarshen 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari, kuma kuɗin da aka ranta ba ruwa aka mayar bayan shekara shida ba zai sayi abin da ya saya da farko ba. Saboda haka asusun ba zai rayu da abin da ake mayarwa kaɗai ba. Dole gudummawar wata-wata ta ci gaba, kuma dole a yi masa waƙafi mai kawo haya, ko shaguna biyu ne. Zakka kuwa a ware mata tukunyarta dabam. Malamai da yawa suna ganin zakka mallaka wa mabukaci ake yi, ba a ranta masa ita, don haka ita ce za ta tafi ga maraya da ɗan gidan da ko bayan karatu ba a sa ran zai iya biya da wuri.

A kan maganar waƙafi, ga wani abu da ke gabanmu ba mu cika kallonsa ba. Madina tana maƙwabtaka da Legon. Daga Aboabo zuwa KNUST ba tafiya ba ce. Akwai Zango a Cape Coast, akwai a Winneba, Tamale kuwa ba a magana. Wato kusan duk inda babbar makaranta take a ƙasar nan, akwai mutanenmu a gefenta, da gidaje, wasu ma da ɗakuna a kulle na 'ya'yan da suka yi ƙetare. Ɗaki ɗaya da wani Alhaji a Madina zai ware wa ɗalibai biyu daga Bawku ko Salaga ya ɗauke musu abin da ya fi komai nauyi a lissafinsu, ba tare da ya fitar da ko sisi ba. Gidan kwanan ɗalibai mata guda ɗaya, a hannun wata Hajiya da iyaye suka amince da ita, zai warware wata matsala da kuɗi kaɗai ba ya warwarewa, domin akwai uban da ba tsadar karatu ce ke sa shi riƙe 'yarsa a gida ba, rashin sanin inda za ta kwana ne. Kuma idan kuɗi ya gaza a gida mai ɗa da 'ya, mun san wadda akan ce ta haƙura. Shi ya sa ya kamata a rubuta a dokar asusun cewa rabin gurabensa na 'yan mata ne, tun kafin a fara gardama.

Ba mu zo mu ƙirga wa kowa abin da yake kashewa a biki ko maulidi ko suna ba. Waɗannan su ne igiyoyin da suka ɗaure mu a matsayin jama'a ɗaya a tsakiyar wasu harsuna, kuma mai kiɗa da mai ɗinki da mai girki su ma da su suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. Amma ga masu hali akwai lissafin da ya cancanci a yi shi cikin natsuwa. Kujerar hajji ta kai sidi dubu 75 a 2024, ta sauko dubu 62 a 2025. Wanda bai sauke farali ba, babu mai cewa ya fasa. Wanda kuwa ke shirin tafiya ta huɗu ko ta biyar, ko mai raba kujeru domin a ambaci sunansa, ya tambayi malaminsa tsakani da Allah wanne ya fi: wannan tafiyar, ko ungozoma uku 'yan unguwa da za su karɓi haihuwar matanmu da harshen da suke ji.

Aikin farko ba ya bukatar taro a otal ko babban baƙo. Matasa biyar masu littafi da biro su bi gida-gida a unguwarsu su rubuta suna: wa ke aji biyu, wa ke aji uku, a wace makaranta, nawa ake binsa, yaushe za a rufe rajista, wa ya ɗage karatu, tun yaushe, wa darasi ɗaya ya riƙe, wa ya gama koyon sana'a yake jiran kuɗin yaye. Su haɗa da waɗanda ba su da kati. Ranar Juma'a a miƙa wa liman adadin, ba sunayen ba, ya karanta wa jama'a kafin a fara zagayawa da takardun bana.